Gidan araha a ƙauyen Ingila: abin da ban tambaya ba kafin mu biya

'Yar'uwa, in maigidanki ya turo miki hoton wani gida mai jan bulo, ga furanni a bakin ƙofa, ga fili kore shar a baya, ya ce a ƙauye yake kuma hayarsa da sauƙi, ki yi hamdala, amma kafin ki ce a biya ki tambaye shi da me ake ɗumama gidan. Ni ban tambaya ba. Ina Kano a lokacin, ina ta nuna wa ƙannena hoton a waya, har Mama tana cewa wannan ai gidan fim ne.

Baban yara ma'aikacin jinya ne. Ya riga mu zuwa Ingila a farkon 2022, ya zauna a ɗakin ma'aikata na asibitin da ya ɗauke shi a yankin Linkonsha, sannan ya shiga neman inda zai ajiye ni da yara uku. A cikin gari an ce masa gida mai ɗaki uku fam 950 a wata. Dillalan gidaje na nan suna da wani lissafi: yawanci suna so albashinka na shekara ya kai hayar wata sau 30. Nasa bai kai ba. A wani ƙauye mai tafiyar minti 25 a mota daga asibitin kuwa, ga gida mai ɗaki uku a fam 725. Lissafi ya yi daidai, sai ya biya kuɗin kamu na hayar mako ɗaya, daga baya ya cika kuɗin ajiya na hayar mako 5. Tun 2019 doka ta hana a karɓi fiye da haka a irin wannan gida, kuma dole a saka kuɗin a wata ma'ajiya da gwamnati ta amince da ita cikin kwana 30. Ki tabbata an turo muku shaidar hakan, domin ita ce makaminku ranar tashi. Da yake shi baƙo ne, ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar kuma ba mai tsaya masa, sai da ya ƙara da hayar wata uku a dunƙule. Sabuwar dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta taƙaita kuɗin gaba zuwa wata ɗaya. Mu dai ba ta riske mu ba, gwal ɗina ne ya tafi.

Mun sauka a watan Agusta, rana tana kaiwa ƙarfe takwas na dare ba ta faɗi ba. Gaskiya ƙauyen ya yi kyau. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faranti, gonakin dankali da kabeji da alkama iya ganinki, coci mai dogon hasumiya a tsakiya, gidaje ba su fi ɗari biyu ba. A ƙofar wata gona akwai akwatin ƙwai ba mai tsaro, ki ɗauka ki jefa kuɗin a gwangwani. Yarana suka tsaya suna waige-waige suna neman mai kayan. Na ce a raina, lallai mun dace.

Abu na farko da ya fara sare min gwiwa banɗaki ne. Kafet aka shimfiɗa a ciki, wallahi, kuma babu magudanar ruwa a ƙasa. Ki ƙiyasta uwa mai yara uku da buta da alwala sau biyar. Cikin mako biyu wajen ya fara wari. Na roƙi mai gidan, wani dattijon manomi da ya gaji gidan, ya bari mu cire mu sa leda. Ya yarda, amma Baban yara ya nace sai an rubuta yardar a saƙo, kuma ya yi gaskiya, domin a nan duk abin da kika sauya a gidan haya ba da izini a rubuce ba, daga kuɗin ajiyarki za a cire. Turaren wutata ma sau biyu yana tayar da ƙararrawar hayaƙi kafin na koyi turara kaya a kicin da taga a buɗe.

Waɗannan duk ƙanana ne. Babbar maganar tana bayan gida, cikin wani koren tanki da na ɗauka na ruwa ne.

Ƙauyuka da yawa a Ingila bututun gas bai kai musu ba. Da kananzir suke ɗumama gida da ruwan wanka. Tankin namu yana cin lita 1,200, kuma ba wata-wata ake biya ba kamar lantarki: ke za ki kira kamfani, ki biya a dunƙule, tanka ta zo ta zuba. Mafi ƙarancin abin da yawancinsu ke kawowa lita 500 ne. Shekarar kuwa ita ce aka fara yaƙin Rasha da Yukiren, man ya yi tsada, lita 500 ta ci mana kusan fam 450 a watan Oktoba. Ga harajin ƙaramar hukuma, wanda ɗan haya ne ke biya, wajen fam 150 a wata. Ga man mota na zuwa aiki da dawowa. Da na zauna da biro da takarda, sai na ga fam 225 ɗin da muke murnar mun rage sun narke tun kafin sanyi ya kankama. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Kowane gidan haya yana da takardar da ke nuna yadda yake riƙe zafi, maki daga A zuwa G, kuma doka ba ta yarda a ba da hayar wanda ya gaza E ba sai da wani uzuri na musamman. Namu E ne cif, wato da ƙyar ya tsallake. Tsohon gini ne mai bango guda, ba rata a tsakiya, zafi yana fita kamar an bar ƙofa a buɗe. Takardar tana intanet kyauta, da adireshin gida kawai za ki nemo ta. Ba wanda ya ɓoye mana, mu ne ba mu san ana dubawa ba.

A watan Nuwamba na ga labarin Awaab Ishak a waya, yaro ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Sudan, wanda ya rasu a Disambar 2020 a garin Rocdel. Binciken kotu ya tabbatar funfunar bangon gidan hayarsu ce ta lalata masa numfashi. Autana a lokacin shekararsa ɗaya da rabi, kuma ya kwana uku yana tari. Na ajiye wayar, na shiga ɗakin yara, na ja kwabar kaya. Bangon da ke bayanta baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsayin ƙuguna. Jikina ya mutu. Na ɗauki hoto na tura wa dillalin, sai ya amsa da cewa mu riƙa buɗe taga. Na ji haushi ƙwarai, amma in faɗa miki gaskiya akwai namu laifin a ciki: ina shanya wankin mutum biyar a kan ƙarafan ɗumama ɗaki, tukunyar tuwo tana tururi, tagogi a rufe ruf saboda tsoron sanyi. Duk ruwan nan bango yake komawa. Sai dai akwai nasu ma, domin da muka matsa aka turo mai gyara, ya tarar indararon rufi ya toshe, ruwan sama yana bin bangon nan ta waje. Aka gyara, muka sayi na'urar tsotse danshi, muka janye kayan ɗaki daga jikin bango. Ki rubuta ƙorafinki, ki haɗa da hoto da kwanan wata, in an yi biris da ke ƙaramar hukuma tana da sashen da ke duba lafiyar gidajen haya. Kunya ba ta da amfani a nan.

Sai Disamba ta zo da wani sanyi da ya yi fiye da mako guda, ruwa yana daskarewa a waje dare da rana. Muka ƙure ɗumama saboda tarin yaron. Ba wanda ya leƙa tanki. Wata Alhamis wajen ƙarfe goma na dare, Baban yara yana aikin kwana kuma ya tafi da motarmu guda ɗaya, na ji tukunyar ɗumama ta yi wani tari ta yi shiru. Na taɓa ƙarfen ɗaki, yana hucewa. Na fita da fitilar waya, na zura sanda a tanki, ta fito a bushe.

Na tara yaran a gado ɗaya, na lulluɓe su da duk bargon da muke da shi har da darduma. Na kira kamfanin mai da safe, suka ce sai bayan kwana biyar, kowa yana layi. A nan na zauna a matakala na yi kuka, irin kukan da ban yi ba ko ranar da na bar gida. A Kano in wuta ta ɗauke ko gas ya ƙare, katanga kawai zan leƙa in ce Maman wance a sam min garwashi. A nan wata huɗu ina gaisa da mutane da murmushi, amma ban san cikin gidan kowa ba.

Babbar 'yata ce ta tona mana asiri. A ƙofar makaranta wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kullum muke gani da karenta, ta tambaye ta ya sanyi, yarinya ta ce ai mu man gidanmu ya ƙare. Kafin azahar sai ga matar nan da hita biyu na lantarki a cikin baro. Ta kira wani mutum da ya kawo mana jarkoki na mai da za su riƙe mu, ya kuma fitar da iskar da ta shiga bututu, domin in tanki ya bushe ko an zuba mai tukunyar ba ta tashi sai an yi haka. Ita ce ta gaya min ƙauyen yana da ƙungiyar sayen mai, ana haɗa oda a saya tare a samu ragi, kamar dai adashi, kuma masu wayo tun da bazara suke cika tanki. Ta yi min faɗa sosai don ban ƙwanƙwasa mata ƙofa da daren ba. Yarana Kaka suke ce mata yanzu, ta kuma san ma'anarsa. Tana son dambun nama, ba ta son yaji.

Abin da na fi so ki ji, uwargida, shi ne nauyin gidan ƙauye a kanki zai sauka. Shi zai shiga mota ya tafi aiki, ya ga mutane, ya biya kanti a hanya. Ke ce za ki zauna. Bas ɗinmu sau biyu yake wucewa a yini, ran Lahadi babu. Kantin ƙauyen an rufe shi tun kafin mu zo. Likita yana ƙauye na gaba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, kuma layinmu ba fitilar titi. Lasisin tuƙi na Najeriya wata 12 kawai yake miki aiki, daga nan sai kin ci jarrabawarsu ta rubutu da ta hanya, layin samun rana kuma watanni ne. Na faɗi a karon farko a wani shataletale. Ranar da na ci a karo na biyu, na fi murna fiye da ranar da aka ba mu biza, kuma motar hannu da muka ƙara saya ita ma ki sa ta cikin kuɗin haya, don gidan ne ya jawo ta.

Naman halal sai mun je Pitaboro sau ɗaya a wata mu ciko firiza. Juma'a Baban yara yana zuwa masallacin Linkon in ba ya aiki. Islamiyya ta waya ake yi da wani malami daga gida. Makarantar ƙauyen ta cocin Ingila ce, kamar makarantun ƙauyuka da dama, ƙarama, aji biyu a ɗaki ɗaya. Na je da fargaba, shugabar ta zaunar da ni ta bayyana min cewa doka ta ba iyaye damar cire yaro daga taron addu'a, ta kuma tambaye ni abin da ba sa ci. Yarana ne kaɗai baƙar fata a makarantar. An taɓa samun yaron da ya faɗa wa na tsakiyan magana a kan fatarsa, aka kira iyayensa a ranar. Ban ce hakan ya wanke min zuciya ba. Ranar ƙaramar Sallah ta farko, mun yi kwalliya mun fito, ba wanda ya san me ake yi sai tarakta da ta wuce mu.

Da shekara ta cika muka zauna shawara. Albashi ya ɗan ƙaru, za mu iya komawa gari. Ni ce na ce mu ƙara shekara, ni da na yi kuka a matakala. Yaran suna tafiya makaranta da ƙafa, suna wasa a fili ina hango su ta tagar kicin, manomin bai ƙara mana haya ba, kuma na riga na san gidan da halinsa. Da za a mayar da ni 2022 da jariri a hannu ba mota, ba zan zaɓe shi ba.

Watan jiya matar ƙanin Baban yara ta kira ni, an nuna musu wani gida a ƙauyen Nofok, hayarsa kamar kyauta. Na ce ta tambayi da me ake ɗumama shi da lita nawa masu fita suka ƙona bara, ta nemo makin takardar zafi, ta duba jadawalin bas na ranar Lahadi, ta tambaya ko banɗakin yana haɗe da magudanar gari ko sokawe ne da kuma wa ke biyan kwashewa, sannan in sun je gani ta sa mijinta ya ja kwaba ta leƙa bayanta. Ta yi dariya ta ce Anti ai sai dillalin ya ɗauka mahaukata ne mu. Jiya ta turo min hoton bangon.