Daga kasuwar Dole zuwa Bande: neman uwar zuma

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis ya san ƴan zuma da kwalabensu jere bisa tebur, kowanensu yana rantsuwa cewa tasa ta Magarya ce tsantsa. Mai saye kuwa yakan ɗiga ta cikin ruwa, ko ya shafa wa tsinken ashana ya ƙyasta, wai don ya gane ko an haɗa ta da sukari, dabarun da ba su cika tona asirin mai algus ba. Wani ɗan kasuwa da ya tsufa cikin sana'ar ya ce mini in daina wahalar da kaina, domin muddin masu nema sun fi abin da amya ke bayarwa, tukunyar sukari ba za ta sauka daga murhu ba. Ya ce in labari nake so, in nufi kudu in ƙirga amyoyin da ke rataye babu kowa a ciki.

Na bi shawararsa cikin watan Nuwamba, bayan an gama ɗaure hatsi. Hanyar Magarya tana bi ta Dogo, ta ratsa fadamun Korama inda rake da rogo ke tsaye kore shar, kafin ta kai Bande. Abin da ke cika idon matafiyi tun daga nan shi ne gawo. Gona bayan gona, ga shi tsaye da sabon ganye da fure, a lokacin da sauran itatuwa ke shirin tuɓe nasu. Dattawa suna faɗin cewa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya zagaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, wanda duk ya sare gawo da ransa yake wasa. Noman gujiya da farin 1973 da na 1984 sun rage itacen ƙwarai, sannan manoma da kansu suka koma barin tsiron da ya fito a gona suna yi masa sassabe. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa wannan farfaɗowa ta kai wajen hekta miliyan 1 a ƙasashen Magarya da Matamai da Mirriya. Wato dai ƙudan zuma ya samu abincin rani.

A wani ƙauye gabas da Bande na sauka wurin wani dattijo da ya gaji amya daga mahaifinsa. Amyarsa ta gamba ce, saƙaƙƙiya kamar doguwar ganga, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara ta da haɗin itatuwan da bai yarda ya faɗa mini sunayensu ba, sannan a ɗaure ta can cikin rassan gawo ko tsamiya. Mun zagaya tare, yana nuna mini da sanda. Daga cikin 30 da ya rataya, 11 ne kawai ke da ƙuda.

Na ce: "Baba, sauran fa?"

Ya ce: "Ɗana, zuma baƙuwa ce. Kai dai ka share ɗaki ka yi turare, shigarta kuwa rabo ne."

A nan sana'ar take tsaye tun kakanni. Mai amya ba shi da iko a kan shigar ƙuda, kuma ranar ɗiba, da dare, da wutar kara a hannu, yakan yanke saƙa duka, mai zuma da mai ƴaƴa. Ƙudan da ya tsira daga wuta sau da yawa yakan yi ƙaura. Kowace shekara ana komawa farko, kamar makiyayin da zai yanka garkensa da kaka, ya zauna jiran wasu shanu su ɓato daga daji su shigo masa turke.

Dattijon yana kiran babban ƙudan da ke tsakiyar taro "sarki". Ban yi masa dariya ba, don Turawa ma haka suka riƙa cewa har wani Bature na Ingila, Charles Butler, ya fitar da littafi a 1609 yana cewa mace ce. Mu kanmu a lise sai da malamin kimiyya ya zana mana ita a allo muka yarda. Ita kaɗai ce uwar gidan, tana iya zuba ƙwai fiye da 1000 a rana ɗaya idan fure ya wadata, kuma halin amya duka daga gare ta yake fitowa: yawan zuma, zafin harbi, da saurin ƙaura. Shaidar haka tana Barazil. A 1956 wani masani, Warwick Kerr, ya kai uwayen zuma daga kudanci da gabashin Afirka, a 1957 taro 26 suka kuɓuce, kuma a 1990 zuriyarsu ta isa jihar Tekzas ta Amurka.

Wanda ya nuna mini cewa ana iya yin uwa da gangan ɗan ƙanen dattijon ne, malamin lakkwal a wani gari kusa. Yana da akwatuna 6 irin waɗanda ake kira amyar Kenya, masu siffar komin ban ruwa, an rufe samansu da sanduna jere, kowace faɗinta milimita 32. Ƙuda yana gina saƙa ɗaya a ƙarƙashin kowace sanda, saboda haka ana iya ɗaga ta a duba, a mayar, ba tare da an fasa kome ba. Akwatunan wani furoje ne ya raba su shekarun baya, ya yi wa mutane horon kwana 3, ya ɗauki hoto ya tafi. Na ga irinsu a gidaje biyu na ƙauyen, ɗaya kaji na ƙwai a ciki, ɗaya an cika shi da takardun makaranta. Ra'ayina shi ne laifin ba na ƙauyawa ba ne: an ba su ɗaki mai tsada, ba a koya masu yadda za su samu mai shiga ba.

Shi malamin a littafi ya tsinci sirrin. Ƙwan da ke zama ƴar aiki da wanda ke zama uwa iri ɗaya ne, abinci ne ke raba su. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 3, kuma tsutsar da ba ta wuce kwana 3 ba, idan aka ci gaba da ba ta wani farin abinci mai kama da kindirmo da ƙananan ƴan aiki ke fitarwa daga kawunansu, uwa za ta zama, ta fito wajen kwana 16 daga ranar da aka zuba ƙwan. Ƙudan da ya rasa uwa ba ya kwana bai sani ba, kuma da kansa yake gyara lamarin in dai yana da ƙwai.

Da la'asar sakaliya ya sa rigar kariya, ya ba ni tsohuwar tasa, muka je. Ya zaɓi akwatin da bai taɓa yin ƙaura da bazara ba, wanda kuma ya fi ba shi zuma. Da ɗan hayaƙin busasshen kashin shanu ya ɗaga sanduna 3: mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi, mai ƴaƴan da aka riga aka rufe, da mai zuma da garin fure. Ya duba kowace da kyau don kada tsohuwar uwa ta biyo su, ya sa su da ƙudansu cikin ƙaramin akwati, wanda za a kai gonar wani abokinsa mai nisan kilomita 3, don kada ƙuda ya koma tsohon gida. Sai ya buɗe mini wani da ya raba kwana 9 da suka wuce. A gefen saƙa ga ɗakuna 5 suna reto, kowane kamar kwanson gujiya sak, abin da ɗan ƙasar da ta cika rumbunan SONARA ba zai kasa ganewa ba. Ya ce gobe zai yanke huɗu da wuƙa ya raba wa wasu ƙananan akwatuna, domin wadda ta fara fitowa takan bi sauran ta kashe su tun suna ciki.

Masu sana'ar a Turai da Amurka sun wuce nan tun 1889, lokacin da G. M. Doolittle ya bayyana yadda ake ƙera ƙananan kofuna na kaki, a ɗauki tsutsa a sa a ciki, a samu uwaye da yawa a lokaci ɗaya, har ana aika su ta gidan waya. Malamin bai damu da ya sayo ta waje ba, kuma ina ganin yana da gaskiya. Ƙudanmu mafaɗaci ne, amma ya san zafin Afrilu da ƙishirwar bazara.

Aikin yana da asararsa. Sabuwar uwa sai ta tashi sama ta sadu da maza fiye da 10, na dajin da ba wanda ya zaɓa, kuma tsuntsu na iya cafke ta a hanya. Dole a yi rabon lokacin da fure da maza suka yawaita, wato daga ƙarshen damina zuwa furen gawo. Ga kuma maganin ƙwari da ake fesa wa wake yana fure. A bara, cikin rabo 4 da ya yi, 2 ne suka kama, bayan wata guda na jira.

Ni dai na samu rabona, harbi biyu a wuyan hannu, inda safar ta yage.

Da dare muna shan fura a ƙofar gida, dattijon ya saurari bayanin ɗan ƙanensa har ƙarshe bai tanka ba. Can ya ce akwai wata amya tasa a tsamiyar bakin rijiya da ƙudanta ya shekara 4 bai tashi ba, ko da wuta.

Malamin ya ce: "Baba, irin wannan ake nema. Amma saƙar amyar gamba ba ta ɗaguwa, sai mun juye su cikin akwati."

Tsohon ya juya ludayi cikin ƙwarya, ya yi shiru. Sannan ya tambaye shi nawa kafintan Magarya ke karɓa a kan akwati ɗaya, in mutum ya kai katakonsa.