Sani Daban, Koyarwa Daban

Aikin magatakarda a zauren dattijon zango ya wuce rubuta wasiƙu da ajiye takardun filaye. Duk takardar da aka rubuta da Turanci ta shigo unguwa, in mai ita bai gane ba, hannuna take faɗawa. Daga cikin waɗanda suka fi yi mini nauyi akwai sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu da ke jami'a. Uwa mai sayar da koko ko uba mai fataucin goro zai miƙo takarda ya ce, "Malam, duba mini, yaron nan yana ci gaba kuwa?" Sau da yawa amsar ba ta da daɗin faɗi. In na keɓe da yaron na tambaye shi inda gizo yake saƙa, maganar kusan ɗaya ce a bakin kowa: malamin ya san abin, amma ba mu gane shi.

Wani zai ce uzurin malalaci ne, kuma lalle akwai malalata. Sai dai na ji wannan magana daga yaran da na san ƙwazonsu tun suna riƙe da allo. Shi ya sa na zauna na yi tunani a kan yadda mutum yake zama malamin jami'a a ƙasar nan tamu Gana.

Mai son koyar da yaran firamare sai ya shiga kwalejin horar da malamai, ya yi gwajin koyarwa a aji ana kallonsa, kuma a 2018 aka ƙara masa sharaɗin cin jarrabawar lasisi kafin a ba shi aiki. Malamin jami'a kuwa, abin da ake fara dubawa shi ne digirinsa na biyu ko na digirgir. Ƙarin girmansa ma ya fi rataya a kan yawan maƙalun bincike da ya wallafa. Ke nan mutum zai iya shafe shekaru yana tono ilmin haɗa magunguna ko na tattalin arziki, ran nan a miƙa masa ɗaki cike da ɗaruruwan matasa, alhali ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake buɗe darasi, da yadda ake jefa tambaya, da yadda ake gane an fahimta ba. Abin da ya rage masa shi ne ya kwaikwayi wanda ya koyar da shi, da kyansa da muninsa.

Wannan giɓi ya daɗe, amma yanzu ya fi ciwo. A watan Satumba na 2017 aka fara karatun babbar sakandare kyauta, rukunin farko kuma ya shiga jami'a a farkon 2021. Ƙofa ta buɗe wa yaran da a gidajensu babu wanda ya taɓa taka jami'a, ciki har da namu na zango. Yaronmu da Hausa ya tashi, ya tsinci yaren Tuwi ko Dagbanci a kasuwa, ya yi Larabci a makaranta, Turanci ya zo masa a na uku ko na huɗu. Ɗan da iyayensa suka yi boko, in lacca ta wuce shi, akwai wanda zai warware masa a gida. Namu in ta wuce shi, ta wuce. Rashin iya koyarwa kowa yake taɓawa, amma mai ƙaramin ƙarfi yake kayarwa.

Ni ban yi jami'a ba. Karatuna na zaure ne, daga allo zuwa Ahalari da Ishmawi da Risala. Ba na cewa zaure ba shi da aibi, akwai bulalar da ta wuce kima, akwai haddar da babu fahimta. Amma akwai abu guda da malamanmu suka riƙe da kyau: ba a barin mutum ya zama malami dare ɗaya. Almajiri in ya yi nisa, malam zai ce masa, "Je ka biya wa ƙannenka." Yana biyawa, malam yana gefe kamar hankalinsa na wani wuri, alhali kunnensa na nan. In an watse sai ya kira shi: "Ka yi sauri a wuri kaza. Wane bai gane ba, ka wuce shi. Gobe ka sa shi ya maimaita maka da bakinsa." Haka za a yi shekaru kafin a yi masa izini ya shimfiɗa buzunsa. Koyarwar kanta koyar da ita ake yi.

Ba mu muka fara wannan fahimta ba. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lissafa koyar da ilmi cikin sana'o'i a littafinsa Muƙaddima. Ya ba da shawarar a bi fanni da ɗalibi sau uku: da farko a taƙaice gwargwadon hankalinsa, sannan da sharhi da bayanin saɓani, daga ƙarshe a warware duk abin da ya rage a dunƙule. Ya kuma soki ɗaliban da suke shafe shekaru a majalisi shiru, suna hadda ba sa tattaunawa. Sana'a kuwa, ko saƙa ce ko ƙira, a gaban gwani ake koyonta, kuma mai ita ba ya daina gyara hannu.

A ƙasar nan ma muna da shaidar cewa abin mai yiwuwa ne. A 2018 kwalejojin horar da malamai 46 na gwamnati suka koma ba da digiri na shekara huɗu. Ta hanyar shirin T-TEL aka kafa wa malaman kwalejojin zama na mako-mako, inda suke haɗuwa su duba darasin da ke tafe da hanyar da za a bi a koyar da shi. A Tamale kuma, makarantar likitanci ta jami'ar UDS tana bin tsarin da ake ba ɗalibai matsalar mara lafiya su tattauna a ƙananan rukunoni, malami yana ja-gora. Wannan tsari ba ya tafiya sai malamin ya koyi sabon hali: ya riƙe amsar da ya sani, ya bar yara su nemo. A Ingila ma, tun bayan rahoton Dearing na 1997, jami'o'i da yawa suna sa sabon malami ya yi kwas na koyarwa a shekarunsa na farko.

Horon da nake nufi ba taron kwana biyu a otal ba ne, a ci abinci a raba takardar shaida a watse. Abu ne mai ɗorewa, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Malami ya yarda abokin aikinsa ya zauna a ajinsa, bayan an tashi su yi magana tsakaninsu. Ya koyi tsayar da lacca a tsakiya ya ba ɗalibai tambaya su tattauna biyu-biyu, domin ko a ɗaki mai ɗaruruwan mutane ana iya yin haka. Ya faɗa wa ɗalibai tun farko abin da za a auna su da shi. Ya mayar da aikin da ya duba da bayanin inda aka kuskure, ba da maki tsirara ba. Hukumar jami'a kuma ta ba iya koyarwa nauyi na gaske wajen ƙarin girma, domin abin da ake sakawa a kansa shi mutane suke yi wa wahala.

Na san malaman suna da nasu kukan: aji ya cika, albashi bai kai ba, takardun dubawa sun yi tsauni. Gaskiya ne, kuma horo ba zai gina sabon ɗaki ba. Amma wanda kaya suka yi wa yawa shi ya fi bukatar sanin yadda ake ɗaura gammo.

Maganata ta ƙarshe ga 'ya'yanmu ce da Allah Ya ɗaukaka, waɗanda yau suke tsaye a gaban aji a Legon da Kumasi da Cape Coast da Winneba da Tamale. Ƙannena, in jami'arku ta kira zaman koyon dabarun koyarwa, kada ku ɗauke shi raini ga digirinku. Ku je. In ba ta kira ba, ku nemi abokan aiki biyu ko uku ku fara a tsakaninku. A layin baya na ajinku akwai yaron da kunyar Turancinsa ta hana shi ɗaga hannu, kuma kun san unguwar da ya fito. Allah Ya sa ilminku ya zama mai amfani, Ya sa wa 'ya'yanmu albarka.