Agogon Hannu Kadara Ne Ko Ado?

A 'yan shekarun nan wata magana ta samu gindin zama a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa masu tasowa, cewa agogo mai tsada kadara ne, wanda ya saye shi ya ajiye kuɗinsa ne a wuyan hannu, duk ranar da ya so zai kwance ya karɓi abinsa har da riba. Na ji ta a Abuja, na ji ta a Kano, kwanan nan kuma na ji ta a Birnin Kudu daga bakin wani ƙanena da ya haɗa kuɗin riɗinsa na shekara biyu yana neman inda zai ɓoye su kada naira ta cinye. Shi ya sa na ga ya kamata a zauna a warware ta, domin akwai gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar ba ta kai girman da ake ba ta ba.

Mutanen kudancin Jigawa ba baƙi ba ne ga ajiyar dukiya. Zanen da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu, wanda aka yi tun kafin a san takarda a wannan yanki, galibinsa shanu ne. Har gobe kuma manomin Gwaram da ya samu rarar amfanin gona ɗan maraƙi yake saya, matarsa ta sayi tunkiya ko ɗan kunnen zinari. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne suna da kasuwa a kusa, kuma kowa ya san yadda ake yi musu kuɗi. Ka kora sa zuwa kasuwar Sara da safe, kafin la'asar dillali ya cire la'adarsa ka dawo da kuɗi a aljihu. Zinari kuwa ma'auni ne ke magana, giram nawa ne, nawa ake sayen giram yau.

Agogo ba shi da ma'auni. Na fahimci haka ranar rabon gadon wani kawuna, tsohon malamin makaranta, wanda ya sayo Rado a Jidda lokacin da ya sauke farali. Shekara da shekaru iyalinsa na kallon agogon nan a matsayin abu mafi daraja a ɗakin bayan littattafansa, ba ya ɗaura shi sai Juma'a da Salla. Da aka kai shi Kano don a ƙiyasta, tayin da aka yi bai kai kuɗin tunkiya mai ɗa ba. Agogon gangariya ne, yana aiki, ko ƙwarzane babu a jikinsa, domin samfurin DiaStar da kamfanin ya fitar tun 1962 da ma an san shi da ƙin ƙarcewa. Matsalar ita ce irinsa sun cika duniya, kuma babu mai rububinsa. Magada suka yi shiru, babban ɗan ya karɓe shi a cikin kasonsa.

Wannan ita ce makomar mafi yawan agoguna, har da masu suna. Da zarar an fita da shi daga kanti ya zama gwanjo, kuma mai saye na biyu ba zai biya ribar kanti da kuɗin talla da harajin da na farko ya biya ba. Tarihi ma ya taɓa nuna cewa ƙasa na iya zamewa gaba ɗaya. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ke aiki da ƙwayar kwatz. Cikin shekara goma sha biyar agogo mai arha ya fi mai tsada kiyaye lokaci, ma'aikatan masana'antar agogo a Siwizalan suka ragu daga kimanin 90,000 zuwa kimanin 30,000. Waɗanda suka tsira sun tsira ne ta hanyar sauya abin da suke sayarwa: suka bar wa Japan lokaci, suka riƙe alfarma.

To daga ina labarin riba ya fito? Daga 'yan sunaye ƙalilan, musamman Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet, su ma ba kowane samfuri ba. Abin mamaki, waɗanda suka fi riƙe daraja na ƙarfe ne zalla, irin su Daytona da Submariner da Nautilus, ba na zinari masu ƙyalƙyali ba. Wannan ya yi wa namiji Musulmi daidai, tunda ɗaura zinari bai halatta gare shi ba, amma dalilin kasuwa daban ne: masu nema sun ninka abin da ake ƙerawa, kantunan da aka amince wa kuma sai sun ga dama suke sayar wa mutum, bayan ya daɗe a layi. A Oktoban 2017 aka yi gwanjon Daytona na jarumin fim Paul Newman a kan dala miliyan 17.8, labarin ya zaga duniya. Sannan korona ta zo, kuɗin ruwa ya faɗi ƙasa a Amurka da Turai, masu kuɗin kirifto suka shigo, Patek Philippe ya sanar a 2021 cewa zai daina ƙera Nautilus 5711 na ƙarfe. Farashi ya yi tashin gwauron zabo har zuwa Maris na 2022. Daga nan bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, farashin ya yi ta gangarowa sama da shekara biyu. Wanda ya saya a ƙololuwa har yanzu yana lissafin asara, ko da yake ba kasafai ake jin muryarsa ba, don mai riba ne ke son ba da labari.

A Najeriya akwai wani ruɗi na daban, wanda shi ne ya fi kama ƙanena. Ɗauki misalin mutumin da ya sayi agogon dala 10,000 a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a kasuwar Wapa. Ya biya naira miliyan 7.5. A 2024, bayan dala ta haura 1,500, ya sayar a kan dala 8,000, aka damƙa masa naira miliyan 12. Zai rantse ya ci riba, kuma a takarda haka ne. Amma da dalar ya ajiye a ƙarƙashin katifa, da miliyan 15 gare shi. Faɗuwar naira ce ta rufa wa agogon asiri. Da zinari ya saya ma da ya fi, domin oza da ke wajen dala 2,000 a ƙarshen 2023 ta haye 3,000 a Maris na 2025.

Sannan ga ɗawainiya. Agogon da ba ya amfani da batir inji ne, yana buƙatar a buɗe shi a wanke a sa mai bayan 'yan shekaru, kuma mai gyaran agogon bakin tasha ba shi ne zai taɓa shi ba. Ƙurar hunturu ba ta san sunan kamfani ba. Idan kwali da takardun shaida suka ɓace farashi ya ragu, idan an goge jikinsa don ya yi sheƙi ya ƙara raguwa a idon masana. Jabu kuma ya kai matsayin da sai an buɗe ciki ake ganewa, saboda haka mai saye a Kano yakan yi tayi ne da tsoron jabu a ransa, ko da naka na gaske ne. Kasuwar da za ta biya cikakken kuɗi tana Dubai da Landan da Hong Kong, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya lashe ribar.

Ba na cewa shanu ba su da nasu haɗarin. Ɓarawo na kora su, cuta na kashe su, kiwo na cin kuɗi. Sai dai saniya tana haihuwa, sa yana huɗa, kuma mai su ya san harkar tun yana yaro. A harkar agogo kuwa ɗan Gwaram baƙo ne da zai sayi abu a hannu na uku, a farashin da ya riga ya haɗiye ribar mutum biyu. Kamfanonin da kansu sun lura da inda kuɗin yake: a Disamban 2022 Rolex ya fara sayar da tsofaffin agogunansa da takardar tabbaci ta hannun kantunan Bucherer, a Agustan 2023 kuma ya sanar da sayen Bucherer ɗin baki ɗaya. Ƙanena dai ya sayi maruƙa biyu da Casio na batir, yana cewa wannan ma ya ishe shi sanin lokacin ban ruwa.