Daga Karakkai Zuwa Bakin Teku

Mu mutanen Zamfara mun san gulbi, mun san tafki, amma teku a taswirar makaranta kawai muke ganinsa. Shekara da shekaru muna zana wa yara shi da alli a jikin allo, alhali ko mu malaman ba mu taɓa sa shi a ido ba. Saboda haka a hutun Kirsimati na 2013 muka haɗa kai, mu gida biyu, muka yi shawarar zuwa Badagiri, wani tsohon gari a bakin teku yamma da Ikko. Tafiyar ta kusa kilomita 1,000.

Ba mu da kuɗin masauki. Muka ari tanti biyu a wurin matasan ekklisiya, matanmu suka shirya gari da ƙuli-ƙuli da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Muka ɗaure tabarmi da tukwane a bisa motar haya, muka yi addu'a, muka bar Karakkai ta ƙasar Bungudu da asuba. Muka ratsa Gusau, muka wuce gindin Dutsen Kwatarkwashi hazo ya lulluɓe shi, sai Tsafe, sai Funtuwa. Daga can muka karya kudu ta Birnin Gwari da Tegina. Taya ta fashe mana sau biyu, sai da dare muka isa Mokwa.

A nan wani fasto da bai taɓa ganinmu ba ya buɗe mana filin makarantarsu muka kafa tanti. Matarsa ta aiko da ruwan zafi da doya. Da muke hira a bakin wuta ya tuna mana cewa daga Mokwa ne hanya take rabuwa zuwa Bida, inda Thomas Kent ya rasu a 1894. Shi da Walter Gowans da Rowland Bingham suka sauka Ikko a Disamba 1893 da nufin kawo bishara ƙasarmu. Gowans ma ya rasu a Girku a shekarar 1894 ɗin, Bingham kaɗai ya saura. Hanyar da muke bi cikin mota zuwa kudu, su da ƙafa da kwalekwale suka biyo irinta zuwa arewa.

Kashegari muka ƙetare Kogin Kwara a Jebba, muka bi ta Ilori da Ogbomosho da Oyo, muka kwana a wata makarantar a Badun. A rana ta uku muka sha cunkoson Ikko, da la'asar muka shiga Badagiri. Iskar wurin mai nauyi ce, jiki sai danƙo, ga itatuwan kwakwa ko'ina.

Da safe aka kai mu inda itacen Agiya ya tsaya a dā. A ƙarƙashinsa Thomas Birch Freeman na Metodis ya yi wa'azi a Satumba 1842, a nan kuma shi da Henry Townsend na C.M.S. suka yi sujadar Kirsimati ran 25 ga Disamba na wannan shekara. Hadiri ya ka da itacen a 1959, yanzu ginin tunawa ne a gurbinsa. Muka kuma hau benen mishan wanda aka gama a 1845, wanda ake kira bene na fari a Nijeriya. Samuel Ajayi Crowther ya zauna a cikinsa. Tun yana yaro aka kama shi a 1821 aka sayar, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, a 1864 kuwa ya zama bishop. Shi ne jigon juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. Namu na Hausa sai a 1932 ya fito cikakke.

Ba nisa da benen akwai ɗakin da ake ajiye sarƙoƙin bayi. Mai gadi ya ba mu ta wuya muka ɗaga. Babban ɗanmu ya kasa riƙe ta da hannu ɗaya. Daga nan muka shiga kwalekwale muka haye zuwa tsibirin Gberefu, muka taka yashi ta hanyar da ake kora bayi zuwa jirage. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya, mutanen garin suna cewa a kan shayar da bayi ruwanta domin su manta da gida. A cikin waɗanda aka kwasa daga tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, aka kai su Bahiya a ƙasar Barazil. Watakila waɗansunsu sun san Dutsen Kwatarkwashi kamar yadda muka san shi.

Muna hawan tudun yashi na ƙarshe sai ga teku. Duka muka yi shiru. Ruwa ne ba gaɓa a gaba, yana tasowa yana faɗuwa da ruri kamar tsawa. Autarmu ta ɗiba a tafin hannu ta kurɓa, ta tofar da sauri.

"Baba, wa ya zuba gishiri a ciki?"

Muka yi dariya, amma uwarta ta juya tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Malam, ka duba. Ta nan aka fita da mutane a ɗaure, ta nan kuma bishara ta shigo."

A ranar muna zaton cinikin mutum tsohon labari ne wanda ya ƙare a ɗakin sarƙoƙi. Mun yi kuskure. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a jiharmu. Hanyar Tsafe da ta Birnin Gwari da muka bi muna waƙa sun zama wuraren da ake tare matafiya, a kora su daji, a yanka musu kuɗin fansa. Kirista da Musulmi duka abin ya taɓa. Ba za mu ba kowa shawara ya kafa tanti a wannan hanya ba sai an sami kwanciyar hankali.

Ya ku iyaye, ku karanta wa 'ya'yanku labarin Yusufu cikin Farawa sura 37, ku koya musu cewa mutum ba abin sayarwa ba ne. Ku tuna da waɗanda suke ɗaure a daji cikin addu'ar gida, ku ziyarci iyalansu da abin da kuke da shi. Kwalbar ruwan teku da muka kawo tana nan a ajinmu har yau, muna fatan ranar da za mu kai yaran su gani da idonsu. Ubangiji ya kawo ranar.