Garin Neman Gira

Na ga saƙonninku na cigiya, har da masu tambayar ko fushi na yi na ajiye alƙalami, tunda wata biyu ke nan ba ku ga ci gaban labarinmu ba. Ba fushi ba ne, wuya da kafaɗa ne suka kwantar da ni, kuma na ga ya dace in ba ku nawa labarin kafin mu koma kan na littafi.

Shekara 22 ke nan ina rubutu, kuma yawancin littattafan da na fitar kasuwa a rub da ciki na rubuta su a kan tabarma, da biro da littafi mai falle 80, bayan yara sun yi barci. Da waya ta zo sai na koma zama a bakin gado, kai a sunkuye, ina dannawa har kiran assalatu. To, jiki magayi. Tun ina jin ɗan tsami a kafaɗar dama har ta kai ba na iya waiwayawa sai na juya gaba ɗaya kamar mai ɗauke da tulu.

Inna ce ta fara yi mini magani. Ta gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, ta bi shi da man kaɗanya tana tausa tana faɗa: "Ke dai ba kya jin magana, wannan rubutu sai ya doronta ki." Da daddare kuma autana ya hau bayana ya tattaka. Nakan ji daɗi kwana biyu, in koma wa waya, ciwo ya dawo.

Ana haka aka yi mini kwatancen wata mai gyaran jiki, aka ce ta iya irin abin nan da muke gani a bidiyo, inda Turawa ke murɗa wuyan mutum ya yi ƙas. Na je. Tausarta kam ba laifi. Amma da ta kama haɓata da ƙeyata ta fizge, sai na ji ƙara, ɗakin ya shiga juya mini, zuciyata ta tashi. Ta ce ƙashi ne ya koma mazauninsa. Da na tambaye ta inda ta koya, sai ta nuna mini wayarta.

Washegari maigidan ya kai ni asibiti. Bayan an duba ni an ga babu ɓarna, aka tura ni sashen gashi. Ma'aikaciyar da na samu ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Hajiya, kin auna arziki." Ta yi mini bayanin cewa akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya suna kai jini ƙwaƙwalwa, kuma fizga mai ƙarfi na iya yaga ɗaya har ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma yana faruwa. Ƙarar da na ji kuwa ba ƙashi ba ne ya koma ko'ina, kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji in an ja yatsa.

Da na samu sauƙi sai na bi diddigin sana'ar. Sunanta kairofraktik, wato yi da hannu. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro ta a garin Davenport na Amurka a 1895, yana da'awar goce wa ƙashin baya ne tushen yawancin cututtuka, har aka ɗaure shi a 1906 saboda yin aikin likita ba lasisi. Waccan da'awa ba ta tabbata ba. Abin da ya tabbata shi ne gyaran na ɗan rage wa wasu ciwon baya, kamar yadda tausa da motsa jiki ke yi. Kuma masu yin sa a can sai sun shafe shekaru a makaranta, ba kallon bidiyo ba.

Ni dai abin da ya tashe ni ba shi da ƙara ko kaɗan. An yi mini gashi da tausa na makonni, an koya mini miƙe wuya da janyo haɓa baya, amma babban maganin tebur ne da kujera. Ma'aikaciyar ta ce kan babban mutum ya kai kilo 5, kuma duk sunkuyawar da na yi naman wuya ne ke riƙe shi. Yanzu duk rabin awa nakan tashi in zaga tsakar gida, ko da jarumar labarina tana tsakiyar kuka.

'Yan'uwana marubuta, musamman mata masu rubutun dare, hannun mai tausa ba zai gyara a minti 20 abin da muke ɓatawa a awa 6 ba. Ku yi tausa, ku gasa, amma kada ku miƙa wuyanku ga wanda bai san abin da ke cikinsa ba. In kuma ciwo ya zo da jiri, ko mutuwar hannu, ko rashin ƙarfi, asibiti za a nufa.

Babi na gaba zai zo ranar Asabar in Allah ya kai mu. Zai ɗan gajarta, ku yi haƙuri, a zaune na rubuta shi.

Taku har kullum.