Shawagin alƙalami: yadda waya ke ganin S Pen tun bai taɓa gilashi ba



Idan kana riƙe da Galaxy Note, ko S22 Ultra zuwa sama, ko ɗaya daga cikin tabilet ɗin Samsung na jerin Tab S, zaro alƙalamin nan ka kusanto da shi fuskar wayar, amma kada ka bari ya taɓa. Bar 'yar rata da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Za ka ga wani ɗan ɗigo ya bayyana a ƙarƙashin tsinin, duk inda ka yi da hannunka yana biye da kai. Samsung na kiran wannan abu Air view, Apple kuma Pencil Hover. Ni dai shawagi nake ce masa, don haka shirwa ke yi a saman gida kafin ta kawo sura: tana ganin inda za ta sauka tun ba ta sauka ba.

Da yawa daga cikinmu kallon ado muke yi wa ɗigon nan. Ni kuwa a wurina shi ne abu na farko da nake dubawa duk lokacin da wani ya ce in raka shi sayen Note ta hannu, domin yana tona abin da mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba. Amma bari mu fara da yadda abin ke aiki, sauran duk daga nan zai fito.

Gilashin wayarka na yau da kullum yatsa ya sani. Akwai siraran layuka na lantarki a jikinsa waɗanda ido ba ya gani, kuma da yake jikin mutum na wuce lantarki, da ka ɗora yatsa sai cajin wurin ya ɗan sauya, wayar ta ce to, an taɓa ni a nan. Biron nan mai kan roba da ake sayarwa a teburin kayan waya kwaikwayon yatsa kawai yake yi. Shi ya sa yake aiki a kan Tecno da itel da iPhone da kowace irin waya, shi ya sa kuma ba ya shawagi. Sai ya taɓa ake sanin yana nan.

S Pen hanyarsa daban ce. A bayan sikirin ɗin Note akwai wani shimfiɗaɗɗen faranti na biyu, siriri ƙwarai, wanda aka saƙa da layukan waya a tsaye da a kwance kamar tabarma. Fasahar ta kamfanin Wacom ce na ƙasar Japan, waɗanda tun shekarun 1980 suke yi wa masu zane allon kwamfuta mai alƙalami marar batir. Farantin nan yana fitar da igiyar maganaɗisu, sai ya yi shiru ya saurara, sai ya sake fitarwa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. A cikin alƙalamin kuma, kusa da tsini, akwai ɗan ƙaramin koyil da kafasito. Duk wanda ya taɓa zama wurin mai rewayin ɗin fanka ya san koyil: wayar tagulla ce a nannaɗe. Da koyil ɗin ya shigo cikin igiyar, sai ya ɗebi ɗan ƙarfi daga gare ta, kamar dai yadda cajar da ba ta da waya ke yi, sannan ya mayar da martani. Kamar ka yi kira a bakin rijiya ta ba ka amsa-kuwwa. Layin da ya fi jin amsar da ƙarfi a tsaye, da wanda ya fi ji a kwance, inda suka haɗu nan tsinin yake.

To ka lura da wani abu. A duk wannan bayani babu inda aka ce sai alƙalami ya taɓa gilashi. Maganaɗisu na ratsa gilashi da iska, iyaka dai yana raguwa da nisa, shi ya sa da ka ɗaga hannu ya wuce kamar santimita ɗaya sai ɗigon ya ɓace. Wato wayar ta riga ta san inda kake tun kana sama. Taɓawar wani saƙo ne na daban: idan tsinin ya dannu, amsar da alƙalamin ke mayarwa tana ɗan sauya murya, daga nan wayar ke gane ka sauka, har ma da ƙarfin da ka danna. Maɓallin gefen ma haka yake isar da nasa saƙon.

Wannan ne ya sa S Pen ba ya bukatar caji don ya yi rubutu ko shawagi. Na sha jin mutane na cewa alƙalamina ya daina rubutu, ina ga cajinsa ne ya ƙare. A'a. Cajin da aka fara sa wa S Pen daga Note 9 a 2018 na Bluetooth ne, don ka ɗauki hoto daga nesa da makamantan haka. Ko babu shi rubutu na nan daram. Hasali ma a S25 Ultra ta 2025 Samsung ya cire Bluetooth ɗin gaba ɗaya, kuma shawagi bai je ko'ina ba.

Apple ya zo a makare a wannan fage. Samsung ya kawo Air view da Note II a 2012, Apple kuwa sai a watan Oktoba na 2022, da iPad Pro mai M2. Nasu alƙalamin yana da batir, shi ne ke fitar da sigina daga tsininsa, gilashin iPad ɗin ya kama ta har daga nisan milimita 12. In cajinsa ya ƙare, babu rubutu babu shawagi. Ga kuma inda mutane ke asarar kuɗi: Apple Pencil na biyu yana rubutu lafiya lau a kan iPad Pro na 2018 da 2020 da 2021, amma ba zai yi shawagi a kansu ba, don abin daga iPad ɗin ne. Na farko mai murfi a baya ba ya yi sam. Mai USB-C na 2023 yana shawagi a kan iPad ɗin da ya iya, sai dai ba ya jin ƙarfin dannawa, wanda ga mai zane babban rashi ne. Pencil Pro na 2024 kuma sai iPad Pro daga M4 zuwa sama, ko iPad Air daga M2 zuwa sama, ko iPad mini na 2024. Ka san samfurin iPad ɗinka kafin ka biya kuɗin alƙalami, don kuɗin ba na wasa ba ne.

Ina amfanin abin? Zan faɗa maka gaskiya, rabin abin da ake tallatawa ban cika waiwayarsa ba. Ka tsayar da alƙalami a kan hoto ya ɗan buɗe maka, ka tsayar a kan rana a kalanda ta nuna maka abin da ka rubuta, ka kai shi ƙasan shafi ya riƙa gangarawa da kansa. Suna da daɗin nuna wa abokai, amma bayan mako biyu yatsa ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ba na iya rabuwa da shi shi ne ɗigon kansa. Tsakanin tsinin alƙalami da hoton da kake gani akwai kaurin gilashi, in kuma ka ƙara gilashin kariya ratar ta ƙaru. Ga shi ba a tsaye kake kallo ba, ta gefe kake kallo. Saboda haka inda idonka ke cewa layi zai faɗa ba lallai nan ne zai faɗa ba. Ɗigon ne ke faɗa maka gaskiya. Idan ina sa hannu a takardar PDF, a 'yar siririyar akwatin nan da ake bari, ɗigon nake kallo ba tsinin ba. Haka in zan ɗiga wasali a rubutun ajami, ko in goge harafi ɗaya ba tare da na cinye na kusa da shi ba. Akwai wani tela a layinmu da ke zana aikin wuyan riga a tabilet kafin ya hau keke, shi a wurinsa layi ya koma daidai inda ya tsaya shi ne komai, in ba haka ba zanen ya karkace. A iPad, manhajar Procreate har faɗin burushin take nuna maka tun kana sama.

Na biyu, shafukan intanet da aka gina don kwamfuta. Ka san irin shafin rajistar nan da sai ka ɗora linzami a kan kalma sannan jerin zaɓi ya zubo? Da yatsa, kana taɓawa ya wuce da kai wani shafin, ko jerin ya leƙo ya koma. Alƙalami mai shawagi kuwa a wurin burauza kamar linzami yake. Ka tsayar da shi a sama, jerin ya buɗe, ka zaɓi abin da kake so. Ranar rufe rajista wannan kaɗai ya isa ya hana ka tafiya kafe.

Na uku ba a ganinsa ma. Da wayar ta ji alƙalami ya kusanto, sai ta daina kula tafin hannunka. Don haka in kana fama da ɗige-ɗigen da gefen hannu ke bari a shafi, ka sauya tsari: fara kawo tsinin kusa har ɗigon ya fito, sannan ka kwantar da hannu.

Kunna shi ba wuya. A Samsung ka shiga Settings, sai Advanced features, sai S Pen, ka nemi Air view. A nan za ka iya barin ɗigon kaɗai, ko ka haɗa shi da leƙen abubuwa. Ni ɗigon kaɗai na bari. A iPad kuma Settings, sai Apple Pencil, in na'urarka ta iya za ka ga sashen Pencil Hover.

Yanzu mu koma kasuwa. Farantin nan da na ce yana bayan sikirin, to tare suke tafiya. Idan sikirin ɗin Note ya fashe aka sa mata na arha, sau da yawa yakan zo babu farantin, ko ya zo da wanda ba ya ji sosai. Yatsa zai yi aiki sumul, launi ma ƙila ba za ka gane bambanci a cikin shago ba, amma alƙalami ya mutu, ko ya riƙa ji a tsakiya yana kurumcewa a gefe. Kai kuma kuɗin Note ka biya.

Ga yadda nake yi. Ina cire wa wayar riga tukuna, musamman mai murfin nan da ke mannewa da kansa, domin maganaɗisun cikinta na rikita farantin, har Samsung da kansa yana gargaɗi a kan haka. Sau tari wanda ya zo yana kukan alƙalami ba ya ji a wani gefe, rigar ce kawai. Sai in buɗe Samsung Notes, in ɗaga tsinin sama kaɗan, in bi fuskar wayar a hankali daga sama har ƙasa kamar mai huɗa, kunya bayan kunya, ina tsayawa a kusurwoyi huɗun. Ɗigon bai kamata ya ɓace ko ya yi tsalle ba. Bayan haka in ja dogayen layuka a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, in duba ko akwai inda layin ya yanke ko ya lanƙwashe. Duka minti biyu ne. In mai shago ya ce yana sauri, ka ce kai ma kuɗinka na sauri.

Idan ɗigon bai fito ba kwata-kwata, kada ka yi saurin yanke hukunci. Duba ko Air view a kashe yake. In a kunne yake, saura ka gane ko alƙalamin ne ko wayar. Akwai na jabu masu siffar S Pen sak, har ramin suna shiga, amma a ciki biron roba ne. Gwajinsa mai sauƙi: ɗora shi a kan wata wayar da ba ta alƙalami ba, ko da ƙaramar Tecno ɗin aljihunka ce. In ya yi aiki a kanta, to ba S Pen ba ne, don na gaske ba ya motsa komai a kan waya marar faranti. In kuma na gaske ne, ari alƙalamin wata Note ɗin a shagon ka gwada, tunda wajen rubutu da shawagi suna karɓar na juna. In wannan ma shiru, matsalar a sikirin take, sai ka ajiye ko a sake ciniki.

Masu Z Fold ɗin da ke karɓar alƙalami su ne daban: nasu alƙalamin na musamman ne, na Note ba ya aiki a kansu, kuma kada ma ka gwada, tsininsa na iya yi wa lallausan sikirin ɗin ciki rauni. Masu neman tabilet don yara ko karatu su ma su lura, ba kowace Samsung ce ke da farantin ba. Tab S6 Lite tana da shi, Tab A7 da A9 ba su da shi, ko S Pen na nawa ka saya musu ba za su ji shi ba.