TURURUWA DA HANYAR RUMBU

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a kakar bana muna zaune a Kambaza ta ƙasar Gwandu, sai wani ɗan'uwanmu mai fataucin hatsi ya zo mana a fusace, ya ce, "Allah gafarta Malam, tururuwa ta dame ni a rumbu. Ya halatta in zuba wa raminta kananzir in ƙyasta ashana?"

Ba mu gaggauta ba shi fatawa ba, muka ce mu je mu gani tukuna. Muka iske su a jere, kowace da ƙwayar gero. Muka sa yatsa muka goge ƙasa a tsakiyar jerin, nan take suka ruɗe, suna kai da kawowa kamar fataken da dare ya yi wa a daji. Abin da muka share kuwa shi ne warin da ta gaba take shafawa a ƙasa domin na baya su bi.

Jahizu, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya lura da ƙarfin shaƙar tururuwa a littafinsa Kitabul Hayawan, yadda takan gano ƙafar fara da aka yar a inda ba a ganin tururuwa ko ɗaya. Masana na yau sun bayyana dalili. Tururuwa ba ta da hanci, da 'yan ƙahonninta biyu take shaƙa, su kai saƙo ga wani sashe na ƙwaƙwalwa mai ƙulle-ƙullen jijiyoyi. A wasu jinsunan ƙullin ya haura 400, alhali na ƙaramin ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace kimanin 50 ne. A 2017 masana a Jami'ar Rokafela ta Amurka sun lalata wa wata irin tururuwa ƙwayar gadon shaƙa, sai ta kasa bin sawu, tana fita daga cikin 'yan'uwanta tana gantali.

Har ila yau akwai wani sinadari, sirotonin, wanda wasu jijiyoyi 'yan kaɗan suke zubawa a sashen nan na shaƙa. Aikinsa daidaita yadda ƙwaƙwalwa take karɓar warin da ya shigo. A 2012 masana a Jami'ar Boston sun rage shi a jikin tururuwa, sai ta riƙa bin hanya kaɗan ta saki. Wannan sinadari yana cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ma, kuma a 2009 aka tabbatar shi ne ke sa fara mai zaman kaɗaici ta nemi 'yan'uwanta, har a yi gayyar da ke cinye gonaki.

To, ina hukunci? Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an zargi wani Annabi da ya ƙone gidan tururuwa saboda cizon guda ɗaya. Mai Risala kuwa, Ibnu Abi Zaid, ya yi rangwame a kashe ta idan ta cutar kuma aka rasa dabara, amma ya fi son a bari. Saboda haka muka ce da ɗan'uwan namu wuta dai babu. Ya share hatsin da ya zube, ya wanke hanyar da ruwa, ya kewaye gindin rumbu da toka, ya liƙe tsaguwa da laka. Ya yi guna-guni, ya ce aiki ya yi yawa, amma ya yi, ɓarnar kuwa ta ragu ƙwarai.

Mu kanmu sai da muka ji kunya. Shekaru nawa muna karantar da Suratun Namli, ba mu taɓa durƙusawa mun dubi tururuwa ba sai ran nan. Ku 'yan kasuwa masu ajiyar hatsi da sukari, da ku ma'aikata masu kula da sito, kafin ku kai hannu ga ashana ko guba, ku fara yanke mata hanya.

Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, amin.